Kafin A Zuba Ruwa A Tankin Kifi, A Fara Gyara Mazauninsa

Kiwon tarwaɗa a cikin tankin roba sana'a ce da mutum zai iya yi a tsakar gidansa. Ba ta bukatar gona, ba ta bukatar tafiya daji. Mutumin Bungudu ko Nahuce ko Kwatarkwashi yana iya shiga mota zuwa Gusau, ya sayo tanki, ya dawo da shi a ranar. Idan ya sami 'ya'yan kifi masu kyau da abinci isasshe, cikin wata 5 zuwa 6 tarwaɗa tana iya kai kilo ɗaya.

Amma akwai aikin da yawancin mutane suke rainawa. Shi ne gyaran wurin da tankin zai zauna. Mutum zai kashe kuɗi a kan tanki da kifi da abinci. In aka zo maganar mazauni, sai ya tattaro ɓaraguzan bulo guda huɗu, ya aza tanki a kai, ya kira mai ruwa. Daga nan asara take farawa.

Ruwa yana da nauyi

Tankin roba ba komai a cikinsa ba shi da nauyi. Mutum biyu suna ɗaukarsa. Wannan ne yake ruɗin mutane.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25, kilo 25 ke nan. Duro mai lita 200, kilo 200. Tanki mai lita 1,000 kuwa, wato jarka 40, nauyin ruwansa kilo 1,000 ne. Wannan daidai yake da buhun takin zamani 20. Ya fi bijimai biyu na huɗa nauyi.

To, babu manomin da zai jera buhun taki 20 a kan ɓaraguzan bulo, ya bar yaransa suna wasa a gindi. Amma in ruwa ne sai a manta, don ana zuba shi jarka-jarka.

Ruwa kuma yana da wata ɗabi'a da taki ba shi da ita. Kullum samansa a kwance yake sak. In tanki ya karkace, ruwan ba ya karkacewa tare da shi. Sai ya taru a ɓangaren da ya yi ƙasa. Ɓangaren nan sai ya ƙara nauyi. In ya ƙara nauyi sai ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta ƙara lotsawa. In ta lotsa sai tankin ya ƙara karkacewa. Haka abin zai ci gaba a hankali, har ranar da robar za ta tsage, ko tankin ya zame. Kifin wata huɗu ya watse a tsakar gida, kaji da kuliyoyi su yi biki. In da ƙarar kwana ma, akwai yaro a kusa.

A birane akwai masu ajiye kifin ado a cikin akwatin gilashi a falo. A Turai da Amurka har akwai masu zuba ruwan gishiri irin na teku a akwatin, su raini murjani mai rai. Murjanin nan da mata suke sawa a wuya, asalinsa halitta ce ta cikin teku. Su waɗannan mutane ba su zuba ko ɗigon ruwa sai sun auna teburin ta kowane gefe, domin gilashi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Roba ta fi gilashi haƙuri, amma ita ma haƙurinta yana da iyaka.

Me ya sa ake ɗaga tankin?

Wani zai ce, to a ajiye shi a ƙasa mana, a huta. Dalilin ɗagawa shi ne canjin ruwa. Tarwaɗa tana ɓata ruwa da kashinta da ragowar abinci. Dole a riƙa zubar da tsohon ruwa ana zuba sabo. In bakin famfon tankin yana manne da ƙasa, ruwan ba zai fita sosai ba, kuma ba inda za a tara bokiti.

Amma ɗagawar ba ta bukatar tsawo. Bulo biyu a kan juna, wato kamar inci 18, ya isa. Wannan bai wuce gwiwar babban mutum ba. Duk abin da ya fi haka, ƙarin haɗari ne kawai. Kuma mai ba kifi abinci zai sha wahalar leƙawa.

Zaɓen wuri

Ƙasar yankin nan ba iri ɗaya ba ce. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau, ya biyo ta Bungudu, ya wuce zuwa madatsar ruwa ta Bakolori. Gidajen da suke kusa da gulbi da fadama, ƙasarsu tana da laka. Laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsage in ta bushe. Abin da aka aza a kanta da rani yana zaune daidai, yana iya karkacewa da damina. Gidajen jigawa kuwa rairayi ne. Rairayi ba ya kumbura, amma ruwa mai gudu yana kwashe shi. Wajen Kwatarkwashi da Tsafe, inda akwai duwatsu, mutum yana iya tarar da ƙasa mai tsauri ko fa tun bai yi nisa da haƙa ba. Wannan ya yi sa'a.

Akwai wuraren da ba a ajiye tanki ko da sun yi kyau a ido. Na farko shi ne inda aka taɓa haƙa rami aka cike, kamar tsohuwar rijiya, ko tsohuwar salga, ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Irin wannan ƙasa tana shekaru tana zama. Sai a tambayi tsofaffin gida, su ne suka san inda aka taɓa haƙawa. Kada kuma a sa shi kusa da salgar da ake amfani da ita.

Kada a jingina tanki da katangar ƙasa. Ruwan da yake fantsama kullum zai ci gindin katangar. A bar aƙalla taku biyu tsakaninsu, yadda mutum zai iya zagayawa. Kada a sa shi a ƙarƙashin indararo, ko a kan hanyar da ruwan sama yake bi ya fita gida. Wanda bai san hanyar ruwan gidansa ba, ya tsaya a ƙofar ɗaki ranar da aka yi ruwa, ya duba.

Kifi yana son inuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Amma gindin dogonyaro ba wuri ne mai kyau ba. Saiwa tana ɗaga daɓe, ganye kuma yana zuba cikin ruwa. Gara a yi rumfa ta zana a kai.

A sassabe tudu, kada a cike kwari

In an zaɓi wuri, sai a auna shi. Farin tankin nan mai kusurwa huɗu da ke cikin kejin ƙarfe, mai lita 1,000, gindinsa kamar ƙafa 4 ne a tsawo, ƙafa 3 da 'yan kai a faɗi. Mazauninsa ya kamata ya fi shi faɗi. Ƙafa 5 ta kowane gefe ya yi. In tankin mai zagaye ne, a auna faɗin gindinsa, a ƙara ƙafa ɗaya.

Sai a kwashe ƙasar sama, mai taushi da toka da shara, har a kai ga ƙasa mai tsauri. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. In wurin yana da gangare, sai su ɗebo ƙasa su cike inda ya yi kwari. Ƙasar da aka zuba yau ba ta kai wadda ta daɗe a wurin ƙarfi ba. In nauyi ya hau, ita ce za ta fara lotsawa. Abin da ya dace shi ne a sassabe inda ya yi tudu, har ya zo daidai da inda ya yi kwari.

A ƙasar Italiya akwai wata doguwar hasumiya a garin Pisa. An fara gininta a 1173. Tun ana cikin ginin ta fara karkacewa, saboda ƙasar gefe ɗaya ta fi ta ɗaya gefen taushi. A 1990 aka rufe ta don tsoron kada ta faɗi. Masana gini suka yi ta dabaru. Dabarar da ta yi aiki ita ce zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin gefen da ya yi sama. Hasumiyar ta ɗan miƙe, aka sake buɗe ta a 2001. Har yanzu a karkace take, amma ta daina barazanar faɗuwa.

Yadda ake auna daidaito

Ido yana yaudara. Wurin da mutum zai rantse a kwance yake, in an auna sai a ga gefe ɗaya ya fi ɗaya da yatsa uku. Magina suna da ma'auninsu, wani dogon ƙarfe mai 'yar kwalba a tsakiya da ɗigon iska a ciki. In ɗigon ya tsaya tsakanin layi biyu, wurin ya daidaita. Wanda ya sami aronsa, ya gwada shi tukuna. Ya aza shi a wuri ɗaya, ya duba ɗigon. Ya juya shi, kai ya koma gindi, ya sake dubawa. In ɗigon bai tsaya a wuri ɗaya ba, ma'aunin ya lalace.

Wanda bai samu ba, ruwan da kansa zai yi masa awo. A nemi siririn tiyo na roba mai haske, wanda ake ganin abin da ke cikinsa, mai tsawon kamar yadi 4. A cika shi da ruwa, a bar kamar taƙi ɗaya a kowane baki. In an ɗiga ruwan zoɓo a ciki, zai fi ganuwa. A tabbata babu kumfar iska a tsakiya, domin kumfa tana ɓata awo. Kada kuma tiyon ya naɗe, ko wani ya taka shi.

Ga sirrin abin. In aka ɗaga bakunan tiyon biyu sama, ruwan da ke wannan baki da na wancan baki tsayinsu ɗaya ne, ko da ƙasar tana da tudu da kwari.

Sai a kafa turaku huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. A turke na farko a yi alama da gawayi a tsayin da ake son dakalin ya kai. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a jikin wannan turke. Wani ya kai ɗaya bakin turke na biyu. A riƙa ɗagawa ana saukewa a hankali har ruwan ya tsaya daidai alamar farko. A jira ya daina rawa. Inda ruwan ya tsaya a turke na biyu, a yi alama. Kada a toshe bakin tiyon da yatsa lokacin dubawa. Haka za a yi wa na uku da na huɗu, kullum ana komawa turke na farko. In aka ɗaura zare daga alama zuwa alama, an sami layin da ba ya ƙarya. Wannan aiki ko yara 'yan makaranta biyu za su iya yin sa.

Don kusurwoyi su tsaya daidai, a auna da igiya daga kusurwa zuwa wadda take fuskantarta a gicciye. A auna ɗaya gicciyen. In tsawonsu ɗaya ne, shi ke nan.

Ginin dakali

Mazaunin da ya fi aminci shi ne dakali. A fara daɓe ƙasan wurin da madaɓi, ana yayyafa ruwa kaɗan. A zuba tsakuwa ko marmara kaurin yatsa huɗu, a sake daɓewa. In ƙasar laka ce, a ƙara zurfin haƙa, a ƙara yawan tsakuwa.

Sai a zagaye da bulo mai inci 9, sahu biyu, a kan ɗan kankare. Bulo yana da ƙarfi ne in ramukansa suna kallon sama. In aka kwantar da shi ramuka suna kallon gefe, nauyi yana iya farfasa shi. A cike ramukan da kwaɓin siminti. Bulon da mutum zai iya murƙushe gefensa da hannu, kada a saya.

Tsakiyar dakalin sai a cike da marmara. Ba a zubawa gaba ɗaya. A zuba kaurin yatsa huɗu, a yayyafa ruwa, a daɓe. A ƙara, a daɓe. Matan da suka saba daɓen ɗaki sun fi kowa sanin wannan aiki, kuma sun san ƙarar da ƙasa take yi in ta daɓu.

A sama sai a zuba kankare mai kaurin inci 4. Haɗinsa shi ne kwano 1 na siminti, kwano 2 na yashi, kwano 4 na tsakuwa. Dakali mai ƙafa 5 ta kowane gefe, samansa zai ci siminti buhu ɗaya da rabi zuwa biyu. Kada a cika ruwa a kwaɓin, don kankare mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi. A ja miƙaƙƙen katako a kai, ana bin zaren nan. A tabbata babu tsinin tsakuwa da ya leƙo, domin tsakuwa ɗaya tana iya huda gindin roba in nauyi ya danne ta.

Daga nan sai haƙuri. A rufe da tsofaffin buhuna, a riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana 7. Siminti ba bushewa ce take sa shi ƙarfi ba, danshi ne. Sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Saboda haka mai dabara yakan gina dakali tun kafin ya yi cinikin 'ya'yan kifi.

In teburin ƙarfe ne ko na katako

Wasu sun fi son su kai wa mai walda ya yi musu tebur mai ƙafa huɗu, musamman masu zaman haya. Wannan ma yana yi, amma akwai abin lura.

Kowace mace ta san tukunya ba ta rawa a kan duwatsun murhu uku. Abu mai ƙafa huɗu kuwa, in ƙafa ɗaya ta gaza kaɗan, sai ya riƙa rawa. In ƙafafun huɗu duka suna taka ƙasa, kowace tana ɗaukar kilo 250 na tanki mai lita 1,000. In ɗaya tana reto, kusan duk nauyin yana komawa kan biyu da suke gicciye da juna. Kowace sai ta ɗauki kusan kilo 500. A nan walda take ɓallewa.

Don haka kada ƙafar ƙarfe ta taka ƙasa tsirara, za ta nutse kamar ƙusa. A sa mai walda ya manna faifan ƙarfe mai faɗin tafin hannu a ƙarƙashin kowace ƙafa. Teburin kuma ya zauna a kan daɓen siminti. A ce masa ya sa ƙarfe a gicciye tsakanin ƙafafu, a kowane gefe. Wannan gicciyen shi yake hana tebur durƙushewa in an tura shi. A saman teburin a jera katako mai kauri, a manne da juna. Gindin tankin roba yana son ya zauna gaba ɗayansa a kan abu. In tsakiya ba ta da abin tokara, za ta yi tumbi ta tsage.

In ƙafa ɗaya ta gaza, a cusa mata fallen ƙarfe, a doke shi ya shige sosai. Ban da kwali, ban da tsohon takalmi, ban da katanga ta fasasshiyar tukunya. Duk waɗannan suna murƙushewa ko su ruɓe.

Katako kuwa, a ƙasar nan abokin gabarsa gara ce. Ga danshi kullum. Gara tana cin katako ta ciki, waje yana nan kamar lafiya. Wanda ba shi da hali sai na katako, ya ɗora ƙafafun a kan dutse, kamar yadda ake ɗora rumbu, kuma ya riƙa ƙwanƙwasawa yana saurare. Amma gaskiya, ga tanki mai lita 1,000, dakali ya fi.

Akwai masu karkata tanki da gangan wajen famfo, wai don dauɗa ta gangaro. Wannan dabara tana da amfani a kududdufin siminti, inda magini yake yin gangaren a cikin daɓen, bango kuma yana tsaye sak. Tankin roba ba a yi shi don haka ba. A bar shi a daidai. Dauɗar da ta kwanta a ƙasa, a zuƙe ta da tiyo.

Ranar zuba ruwa

A share saman dakali tas, a aza tanki a tsakiya. Kada a cika shi rana ɗaya, kuma kada a sa kifi tukuna. A zuba jarka 10, wato kashi ɗaya cikin huɗu. A sami miƙaƙƙen kara, a auna daga bakin tanki zuwa saman ruwa, a yi alama. A auna haka a gefe huɗu. In alamar ɗaya ce, ko bambancin bai wuce rabin faɗin yatsa ba, ya yi. A bar shi ya kwana. Washegari a ƙara jarka 10, a sake aunawa. Haka har ya cika. A ajiye karan nan, zai yi amfani gaba.

In aka ga bambancin yana ƙaruwa daga rana zuwa rana, ƙasa ce take lotsawa. A tsaya. A juye ruwan duka kafin a taɓa komai. Kada wani ya sa ƙarfe ko taɓarya ya ce zai ɗaga tanki da ruwa a ciki don a cusa dutse. Ko rabin tanki kilo 500 ne, in ya zame a kan hannu ko ƙafa, sai asibiti.

Ruwan da ake zubarwa kada a bar shi ya kwanta a gindin dakali. Shi ne yake jiƙa ƙasa har ta yi laushi. A sa tiyo ko a yi 'yar kwata ta siminti, a kai shi nesa. Ruwan kifi taki ne. In an kai shi gindin gwanda ko zogale ko fangalin alayyafo, za a ga amfaninsa.

Tankin da ba ruwa a ciki kuma iskar farkon damina tana iya ɗauke shi. A ɗaure shi, ko a bar ruwa kaɗan a ciki. Bakinsa a rufe da raga mai ƙarfi. Tarwaɗa tana tsalle, yara kuma suna son leƙe. Kada a bar turmi ko kujera a kusa da za su taka.

Gwajin gaskiya yana zuwa ne a watan Agusta, lokacin marka, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Duk bayan ruwa mai ƙarfi, a ɗauko karan nan a auna gefe huɗu. A zagaya dakalin a duba ko ya tsage, ko ruwa ya fara cin gindinsa. In ya ci, a cike da marmara a daɓe a ranar. In kuwa ruwan tanki ya fara taruwa gefe ɗaya, a kwashe kifin zuwa duro ko baho tun da sanyin safiya, a juye tankin, sannan a gyara.